Yaya ake koya wa ɗalibin jinya tausayin mai taɓin hankali da girmama al'adarsa?

Malamar Jinya, Surulere, ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni malama ce a ɗaya daga cikin makarantun koyon aikin jinya a nan Legas, kuma shekara 6 ke nan darasin kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa yana hannuna. Yawancin ɗalibaina Yarabawa ne da Ibo, sai 'yan tsiraru daga Edo da Binuwai, Bahaushe kuwa da wuya a samu fiye da ɗaya ko biyu a aji guda. Na kawo tambayata nan ne saboda na san a cikinku akwai waɗanda suka tsufa a wannan aiki, akwai malaman addini, akwai kuma waɗanda suka taɓa jinyar nasu.

Abin da ya tayar da maganar shi ne rahotanni biyu da na duba a zangon karatun da ya wuce. Na farko a kan wani saurayi ne ɗan dako a kasuwar Mile 12, wanda 'yan garinsu suka kawo asibiti bayan ya kwana huɗu bai runtsa ba. Ɗalibar da aka haɗa ta da shi ta rubuta cewa ba ya yarda a haɗa ido da shi, ta miƙa masa hannu ya noƙe, kuma leɓɓansa ba sa daina motsi, wanda ta ɗauka alama ce ta cewa yana amsa wa wasu muryoyi da shi kaɗai yake ji. Da na je na zauna muka yi Hausa da shi, sai na tarar ya sunkuyar da kai ne don mace ce a gabansa, motsin bakin kuwa istigfari ne yake yi yana ƙirgawa da gaɓoɓin yatsunsa, tun da aka karɓe masa carbi a bakin ƙofa. Babu shakka yaron ba shi da lafiya, amma ba waɗannan ne alamomin ciwonsa ba, kuma da rahoton ya isa ga likita a haka da ya iya karkatar da tunaninsa zuwa wani ciwo dabam. Na biyu a kan wata mata ce daga Agege. An tambaye ta sunan mijinta ta yi shiru, an tambaye ta sunan ɗanta na fari ta kau da kai, sai ɗalibin ya rubuta cewa tana fama da mantuwa mai tsanani. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa na gargajiya ya san alkunya ce ta rufe mata baki, ba mantuwa ba.

Waɗannan ɗalibai biyu ba mugaye ba ne, ba kuma daƙiƙai ba. Dukansu sun ci jarabawar da na yi musu a kan dangantakar ma'aikacin jinya da majinyaci kamar yadda masaniyar jinya Ba'amurkiya Hildegard Peplau ta shimfiɗa ta tun 1952, kuma sun haddace bayanin takwararta Madeleine Leininger a kan jinyar da ke la'akari da al'adar mutum. Manhajar da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta amince da ita ba ta bar waɗannan batutuwa a baya ba. Sai dai abin da suka rubuta a takardar jarabawa bai biyo su zuwa gefen gadon majinyaci ba.

Na yi tunanin in tsara musu jadawali, in rubuta abin da Bahaushe yake ƙi da abin da yake so, haka Bayarabe, haka Ibo, amma zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Shin tausayi abu ne da ake iya koyarwa a aji, ko kuwa da shi ake haihuwar mutum? Idan ana koyar da shi, da me malami zai auna ya san ɗalibi ya koya? Sannan ina ne iyakar girmama al'ada, tunda mun sha karɓar majinyata da tabon mari a ƙafafunsu, kuma waɗanda suka ɗaure su ma al'ada da addini suke kafa hujja da su?

Tsohon Nas, Agege, ya rubuta:

Wa alaikumus salam. 'Yata Malama, Allah ya yi miki albarka da kika je kika zauna da yaron nan da kanki, domin a wannan zaman da kika yi ne amsar tambayarki ta farko take. Ni a asibitin ƙwaƙwalwa na Aro a Abeokuta na yi horon jinyar masu taɓin hankali, na yi aiki a Kudu da Arewa har na ajiye, kuma abin da zan faɗa miki daga abin da idona ya gani ne.

Bari in fara da tarihi, don ɗalibanki su san cewa maganar nan ba daga Turai aka yi mana sallamarta ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba a nan Legas da muke alfahari da shi yau an buɗe shi ne a 1907 a matsayin gidan tsare mahaukata, kuma dokar Turawan mulkin mallaka ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta fi damuwa da yadda za a killace mutum fiye da yadda za a warkar da shi. A cikin wannan yanayi ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya dawo daga Ingila, a 1954 ya ɓullo da tsarin ƙauye a Aro. Majinyaci zai sauka a gidan mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin tare da wani ɗan'uwansa mai kula da shi, da rana ya je asibiti a duba shi, da yamma ya koma cikin jama'a ya ci abincin da ya saba. Lambo har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin, a lokacin da takwarorinsa suke ganin hakan zubar da daraja ne. Mutumin nan daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya gane shi ne idan ka raba mara lafiya da harshensa da danginsa da abin da ya yi imani da shi, ka ƙara masa wani ciwo a kan wanda ya zo da shi.

Game da jadawalin da kike tunani, shawarata ki bar shi. Ranar da kika ba ɗalibi takarda mai cewa Bahaushiya ba ta faɗin sunan mijinta, ranar ce zai daina sauraron wadda ke gabansa. Gobe za a kawo masa Bahaushiyar da aka haifa a Obalende a nan Legas, wadda ta yi jami'a kuma take kiran mijinta da sunansa a gaban kowa, idan ita ta kasa tuna sunan sai ya ce kunya ce, alhali ƙwaƙwalwarta ce ta taɓu da gaske. Kin ga an gudu ba a tsira ba. Bahaushen Agege da kakanninsa suka zo fataucin goro da ɗan ci-ranin da ya sauka daga motar albasa jiya ba ɗaya ba ne, ko da yake harshensu ɗaya. Abin da ya fi jadawali amfani shi ne ki koya musu tambaya. Wani likita Ba'amurke, Arthur Kleinman, ya tsara wasu tambayoyi takwas da kowane ɗalibi zai iya riƙewa, kuma gundarinsu shi ne a tambayi mutum yadda yake kiran abin da ke damunsa, me yake ganin ya jawo shi, me ya sa ya fara a lokacin da ya fara, me ya fi tsoro game da shi, kuma wane irin magani yake sa rai. Da ɗalibarki ta ce wa yaron Mile 12, ko ta bakin tafinta, "Na ga bakinka yana motsi, me kake faɗa?" da rahotonta ya canja gaba ɗaya. Matambayi ba ya ɓata.

Tausayi kuwa ana koyonsa, amma da ido ake koyonsa fiye da kunne. Ɗalibi yana kallon yadda babbar nas take kiran majinyaci lokacin miƙa aiki da safe, ko da sunansa take kiransa ko da lambar gadonsa, ko kuwa da sunan ciwonsa. Yana jin barkwancin da ake yi a ɗakin hutu, irin wanda 'yan Legas suke yi idan suna son zagin mutum su ce daga Yaba ya tsero. Idan malamar aji ta yi awa biyu tana bayani a kan mutunci, sannan ɗalibi ya ga ana tuɓe dattijo a gaban jama'a don a yi masa allura, to darasi na biyu ne zai zauna masa. Saboda haka ki zaɓi ma'aikatan da za ki damƙa wa ɗalibanki kamar yadda uwa take zaɓar gidan da za ta kai 'yarta riƙo.

Akwai wani abu guda da nake so ki sa a darasinki, domin ya sha raba mu da dangin majinyata. Magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine sukan sa wuyan mutum ya sandare, harshensa ya fito, idanunsa su kakkafe sama, musamman samari a kwanakin farko na shan maganin. Mu mun san illar magani ce, kuma allura ko ƙwaya guda takan sassauta ta cikin ɗan lokaci. Amma uwar da ke zaune a gefe abin da take gani shi ne aljanin ya tashi saboda an taɓa shi da maganin asibiti, kafin gari ya waye ta kwashe ɗanta. Nas ɗin da ya gaya mata tun farko cewa hakan na iya faruwa, ya kuma ce ta kira shi da zarar ta gani, ya fi wanda ya tsaya yana yi mata wa'azin cewa babu aljanu.

Limamin Unguwa, Alaba Rago, ya rubuta:

Bismillah. Malama, Allah ya saka miki da alheri. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, amma zan iya cewa kafin a kai mutum wurinku galibi an riga an kawo shi wurinmu, wani lokaci da watanni. Idan saurayi ya fara surutai a rumfar raguna, ko matar aure ta daina magana, ƙofar liman ake fara bugawa, kuma abin da ake cewa shi ne iska ce, ko sammu, ko kambun baka. Ku sani cewa duk majinyacin da ya iso hannun ɗalibinku ya zo ne da bayanin da ya riga ya zauna a zukatan danginsa.

Roƙona na farko shi ne kada a koya wa ɗalibai yi wa wannan bayani dariya. Musulmi ya yi imani da samuwar aljanu domin Alƙur'ani ya ambace su, kuma wanda ya fara magana da ƙaryata wannan ya rufe ƙofar da yake son shiga. Amma addinin nan shi ne kuma ya zo da hadisin da ke cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, shi ne ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Wanda Allah ya ɗauke wa hisabi, da wane dalili ɗan Adam zai sa masa bulala? Nan ne iyakar da Malama take tambaya a kanta, kuma ba ta da wuyar ganewa. Addu'a da tofi da karatun Alƙur'ani ba sa hana ƙwaya aiki, don haka babu dalilin hana su. Duka da ɗauri a mari da horon yunwa da turara hayaƙi har mutum ya shiɗe kuwa zalunci ne, ko da wanda ya yi yana sanye da rawani. Duk mun ji abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda aka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawa a cikin sarƙa. Ban san wani malamin kirki da ya kare wannan ba. Ɗalibin da ya ga tabon mari ya yi shiru da sunan girmama al'ada bai girmama kowa ba.

Akwai kuma wuraren da za mu taimaki juna. Wani yakan zo mini yana sake alwala sau goma sha, yana sake kabbarar harama har liman ya yi sallama, mu muna kiran wannan waswasi, ku kuma na ji kuna da suna da magani gare shi. Irin wannan mutum idan nas ya ce masa ya rage, ba zai ji ba, domin tsoron ɓacin sallarsa yake yi. Idan malami ya ce masa shari'a ta umarce shi da ya yi watsi da shakkar ya ci gaba, sannan likita ya ba shi magani, sai a dace. Haka batun azumi. Da yawa sukan ajiye maganinsu a watan Ramadan ba tare da sun gaya wa kowa ba, alhali Allah ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya. Ɗalibi ya koyi tayar da maganar tun cikin Sha'aban, a tambayi likita ko za a iya mayar da shan maganin zuwa sahur da buɗa baki.

Game da carbin yaron nan, na fahimci ana karɓe duk abin da ke da igiya ne don gudun kada mutum ya cutar da kansa, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi. Sai dai karɓewa da bayani daban take da fizgewa. A gaya masa dalili, a damƙa wa ɗan'uwansa a gabansa, a nuna masa alƙibla da inda zai samu ruwan tsarki.

Ɗalibar Jinya, Idi-Araba, ta rubuta:

Ranki ya daɗe Malama, ina neman afuwar iyayena da suka riga ni magana, amma ina ganin ya kamata a ji ta bakin waɗanda ake magana a kansu. Ina shekarar ƙarshe a wata makaranta, ba taki ba, kuma na gama zagayen ɗakin masu taɓin hankali watanni kaɗan da suka wuce.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce tsoro ne yake cin tausayinmu. Ranar farko da aka kai mu, babu wanda ya zauna da mu ya tambaye mu me muke ji, alhali yawancinmu mun taso ne muna gudu idan mun hangi mahaukaci a kan titi, wasu ma daga gida aka gargaɗe su cewa ciwon yana bin mai jinyarsa. An dai nuna mana inda za mu tsaya kusa da ƙofa. Wanda ƙirjinsa ke bugawa ba zai tsaya yin tambayoyi takwas ba, so yake ya cike takarda ya fita. Sannan da dare nas ɗaya ko biyu ne a kan ɗaki cike, domin manyanmu da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya da Kanada, waɗanda suka rage kuma gajiya ta cinye su. Na ga ma'aikaciyar da take da kirki ƙwarai da ƙarfe takwas na dare ta koma mai tsawa da ƙarfe uku. Kuma idan aka yi wa ɗaliba tsawa a gaban majinyata saboda ta yi tambaya, a ina za ta samo taushin da za ta ba wani? Abin da ya fi taimaka mini shi ne wata malama da take tara mu na rabin awa a ƙarshen kowane mako, kowa ya faɗi abin da ya tsorata shi ko ya ɓata masa rai, ba tare da an ba da maki ba.

Batu na biyu shi ne harshe. Da yake ni kaɗai ce mai jin Hausa a rukuninmu, ni na zama tafinta, kuma a nan na gane cewa tambayoyin gwajin hankali da muka haddace da Turanci ba sa tsallakowa lafiya. Idan ka tambayi Bahaushe yaya yake ji, zai ce "Alhamdu lillahi, da sauƙi," ko da kuwa ya kwana yana kuka, sai a rubuta cewa ba shi da damuwa. Sai an bi ta jiki, domin zai ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ko kansa yana zafi, ko wani abu yana yawo a jikinsa, ko tunani ya yi masa yawa. Idan aka tambayi tsoho kwanan wata ya ce yau goma ga Rajab, bai ruɗe ba, lissafinsa ne ba na boko ba. Na taɓa ganin an tambayi wani manomi ma'anar karin maganar Turanci don a gwada zurfin tunaninsa, ya kasa, da na ce masa "ruwa ba ya tsami banza" sai ya yi mini bayani mai kyau har da misali. Ranar da babu mai jin Hausa kuwa, mai gadi ake kira ko wani ɗan garinsu da ya rako shi, wanda gobe za su haɗu a masallaci. Wa zai faɗi cewa yana shan tiramadol, ko ya yi tunanin kashe kansa, a gaban wanda zai kai labari gida?

'Yar'uwar Majinyaciya, Agege, ta rubuta:

Malama, sannu da ƙoƙari. Ni tela ce, ban san komai a kan manhaja ba, amma na yi jinyar ƙanwata na makonni biyar, kuma ina so in ƙara wani abu da ban ji an taɓo ba.

Ƙanwata ta haihu haihuwar fari, da a gida ne da an kai ta wankan jego gaban mahaifiyarmu, amma a nan Legas ni kaɗai take da ita. Kwana shida da haihuwa ta daina barci, ta fara cewa jaririn ba nata ba ne. Makwabta suka ce iskokin jego ne, aka yi ta turare da rubutun sha har kwana goma, sai da ta nemi fita da dare sannan mijinta ya yarda aka kai ta asibiti. Ma'aikatan wurin sun girmama mu, ban ce ba su yi ba. Sun bar ta da mayafinta, sun sa mace ce take yi mata allura, ba su hana ni yi mata tofi ba. Amma akwai irin girmamawar da ta yi mata illa. Da yake sun ji an ce a al'adarmu miji ne mai magana, sai kowace tambaya mijinta ake yi wa, kowane bayani shi ake yi wa, ita tana zaune kamar kayan ɗaki, har bayan da hankalinta ya fara dawowa. Shi kuma kunya ba ta barinsa ya yi tambaya a kan shayarwa, ko ya faɗi abin da take gaya mini da dare.

Wata ɗaliba Bayarabiya ce, wadda ba ta jin Hausa ko kaɗan, ta gyara wannan. Ta nemi izinin mijin cikin ladabi ya ɗan ba su wuri, ta jawo kujera ta zauna daidai da gadon, ba ta tsaya a kanta ba, ta ce in fassara. Tambayar farko da ta yi ita ce me ƙanwata ta fi tsoro. Ashe tsoronta shi ne idan ta koma gida za a raba ta da ɗanta a ce mahaukaciya ce, kuma saboda haka take ɓoye ƙwayoyin a ƙarƙashin harshe, don ta nuna ba ta buƙatarsu. Makonni uku babu wanda ya tambaye ta. Daga ranar aka fara kawo mata jaririn tana riƙewa a gabana, ta kuma fara haɗiye maganin. Don haka ki gaya wa ɗalibanki su gaida miji da kawu yadda ya kamata, amma su tuna wadda ke kan gadon ita ce mara lafiyar.

Malamar Jinya, Surulere, ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Baba, na janye maganar jadawali, ko da yake zan ɗan saɓa maka a wuri ɗaya. Ɗalibin da bai taɓa jin akwai wani abu wai shi alkunya ba, ko takaba ta wata huɗu da kwana goma da take sa mace ta daina ado da fita, ba zai ma san akwai abin tambaya ba. Saboda haka zan ba su labaran majinyata irin biyun da na kawo, da makamantansu daga Yarabawa da Ibo waɗanda su ɗaliban za su kawo da kansu, kowane labari kuma a bi shi da wani da ke karya shi, irin na Bahaushiyar Obalende da ka ambata. Tambayoyin Kleinman zan haɗa su da guda 16 da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013 don binciken yadda majinyaci yake fahimtar ciwonsa, mu mayar da su Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka a cikin aji, domin a wurin fassarar ne ɗalibai za su gano abin da 'yata ta Idi-Araba ta gano.

Maganar 'yar'uwata ta Agege ta tuna mini cewa yanzu abin ya wuce kyautatawa, ya zama haƙƙi. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci na a sa shi cikin shawarar maganinsa, ta kuma taƙaita ɗaurewa da killacewa. Zan koyar da ita tare da wannan darasi maimakon in bar ta can cikin darasin dokokin aiki. Wajen awo kuwa, zan rage makin rubutu in ƙara na gani da ido, inda zan zauna a gefe ɗalibi yana zantawa da majinyaci, in lura ko ya gabatar da kansa, ko ya zauna ko tsaye yake, ko majinyacin yake kallo ko tafinta, ko ya tambaya kafin ya yanke hukunci. Zaman rabin awa na ƙarshen mako shi ma zan fara shi, kuma ba zan ba da maki a kansa ba.

Allah ya gafarta Malam, abin da ka kawo yana da madogara a bincike. Gwajin da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ta Gana, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna cewa masu ciwon gushewar hankali sun fi samun sauƙi inda ma'aikatan lafiya na matakin farko suka yi aiki tare da masu maganin gargajiya da na addini, fiye da inda aka bar kowa da nasa. Ina so in roƙe ka, idan shugabannin makarantarmu sun amince, ka zo ka zauna da ɗalibai na awa ɗaya su yi maka tambayoyi, kamar yadda zan gayyaci wani fasto da ke aiki da asibiti. Akwai kuma abin da nake so ka warware mini kafin Ramadan ya ƙarato. Muna da majinyata da ke shan wani maganin lalurar ƙwaƙwalwa mai suna lithium, wanda ƙarancin ruwa a jiki yake sa ya taru a jini har ya zama guba, kuma wasunsu hankalinsu ƙalau yake, suna ganin barin azumi raunin imani ne. Da wane lafazi ɗalibar da ba Musulma ba za ta buɗe wannan magana da dattijo ba tare da ya ji tana yi masa fatawa ba?